Ƙosan Juma'a da Ƙwallon Tajuddeen

Cheras, Kuala Lumpur

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, in dai ci da sha ne lafiya.

Kin san tun da autanmu Tajuddeen ya samu tallafin karatu a nan saboda ƙwallo, Inna take sadakar ƙosai duk Juma'a don jami'arsu ta shiga babbar gasar da ake nunawa a talabijin. To, ta shiga. Shugabannin jami'ar suka hango kuɗin talla, suka fice daga ƙungiyar gasar da suke bugawa a da, ba ko sallama. Ita kuwa ta maka su a kotu kan saɓa yarjejeniya, alƙali ya dakatar da wasanninsu sai an yanke hukunci.

Ashe in babu wasa babu tallafi, in babu tallafi babu biza. Jiya kocinsu ya gaya masa. Ya shigo mini da takalman ƙwallo a hannu, ya ce, "Yaya Mubina, ni da ko katin gargaɗi ba a taɓa ba ni ba?"

Kada ki tayar wa Inna hankali. Yana wurina, yana cin abinci, lauyoyi ma suna ci sosai. In maƙwabcinku Malam Kalilu zai taho nan, ki aiko mana da yaji.

Sai dai ki lallaɓa ki gaya mata, Juma'a mai zuwa in ta ɗaga hannu ta ambaci sunan yaron. Jami'ar ta riga ta samu nata rabon.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Mubina