Mu Shida Ne a Gidan

Unguwar Hausawa, New Bell,
Douala.
22 ga Mayu.

Zuwa ga aminiyata Kulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da sanyin Ngaundere. Yaya ƙarfin jiki? Kina haɗiye ƙwayoyinki kuwa, ko har yanzu ƙarƙashin harshe kike ajiye su kamar lokacin da muke maƙwabtan gado a asibiti? Ni dai alhamdu lillahi, shekara biyu ke nan ban ji wata murya ba sai ta masu rai, su ɗin ma ba su cika yi mini magana ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Wayata tana hannun Yaya Bashiru tun wancan tashin ciwon da na kira rabin Douala. Ya ce zai mayar mini in na warware, ban dai san wa zai gaya masa ranar ba. Hajiya Hapsatu mai zuwa sarin wake wajenku ita za ta kawo miki wannan.

Kwalara ta shigo mana. Kin san New Bell in ruwa ya sauka, kwata da rijiya sai su zama 'yan uwa. An ɗauki mutum uku a layinmu, tsohon nan mai gyaran rediyo bai dawo ba. Ko'ina warin javel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, har ƙofar masallaci an ajiye bokitinsa.

Adda Salamatu, matar Yaya, ta hana ni shiga madafi. Wai mai irin ciwona ba a san inda hannunta ya taɓa ba. Ni fa, Kulsum! Ni da kike yi wa tsiya don ina wanke hannu har ya tsage. Kunun gyaɗar da nake dama wa gidan kowace safiya, wanda shi kaɗai ne aikina a duniya, yanzu daga ɗaki nake jin ana dama shi, kuma da gudaji. Na je ganin likita, na tarar an mai da ɗakinmu na asibiti ya zama na masu kwalara, aka ce in dawo wata mai zuwa.

An faɗa a rediyo za a bi gida-gida da rigakafi, kuma sha ake yi, ba allura ba. Shi nake jira. Ke kaɗai zan iya gaya wa: tsoro nake ji. Kin san akwai lokacin da nake roƙon mutuwa, ke kika riƙe hannuna. To yanzu rai nake so, sosai ma kuwa, ko da ba abin da nake yi da shi sai kallon rufin kwano.

Ki gaishe da Inna. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Taki,
Najiba.

*

New Bell,
10 ga Yuni.

Kulsum tawa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Hajiya Hapsatu ta ce a hannun Inna ta bar takardar, ba a fito da ke kun gaisa ba. Ban ji daɗin wannan ba, don na san ma'anarsa.

Masu rigakafi sun zo shekaranjiya, kuma ban samu ba. Bari in gaya miki yadda aka yi, ki taya ni jin haushin kaina.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ban taɓa gaya miki ba saboda kunya. In baƙo ya yi sallama, Adda takan buga ludayi a murfin tukunya sau biyu, ni kuma in shige ɗakina na baya in saki labule. An fara ne lokacin da nake cikin ciwo, ina tare baƙi da surutu. Ciwo ya tafi, ludayi bai tafi ba. Ran nan ina tsakar gida ina tsefe kai aka yi sallama, na ji ƙwas ƙwas, sai ga ni a bakin gadona. Wallahi ba wanda ya ja ni, ba wanda ya kulle ƙofa. Sabo turken wawa.

Sai da na ji ana Faransanci na gane ko su wa ne. Suka tambayi Yaya mutum nawa ne a gidan, ya ce biyar. Shi, da Adda, da yara uku. Ina ji ana buɗe 'yan kwalabe, ina ji auta tana kukan ɗaci ana yi mata dariya. Labule ne kawai tsakanina da su, amma ban ɗaga shi ba. Na yi ta tunanin in na fito da kai a tsefe, da wane ido za su kalle ni. Suka rubuta biyar da alli a ƙofa suka wuce.

Da yamma na tari Yaya. Bai iya kallon idona ba. Ya ce yana tsoron maganin ya haɗu da ƙwayoyina ya tayar da ciwon, kuma suna rubuta sunaye a littafi, ba ya so sunana ya shiga hannun hukuma. Na ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce in yi haƙuri. Ba zan ce ba ya ƙaunata ba, shi ya goya ni zuwa asibiti wancan karon. Amma bai tambayi likita ba, ni ma bai tambaye ni ba.

Jiya na saci jiki na je teburin da suka kafa kusa da kasuwa. Na bi layi lafiya lau. Saura mutum ɗaya maƙwabciyarmu Delu ta matsa ta yi wa ma'aikacin raɗa, tana juya yatsa a gefen kanta. Shi ke nan ya daina magana da ni, ya koma yi da ita a kaina. Ya ce irinmu sai mun zo da tuteur, wato mai tsaya mana. Na karanta masa takardar da ke manne a bayansa, wadda ta ce duk wanda ya kai shekara ɗaya zai iya sha. Faransancina ya fi nasa, amma murmushi ya yi mini irin wanda ake yi wa yaro. Na ji muryata ta fara hawa, na ga mutane suna ja da baya, sai na yi shiru. Kin san dokar: mai lafiya in ya yi fushi, fushi ya yi, mu kuwa ciwo ne ya tashi.

Saura kwana biyu su tashi. An sake ɗaukar wata mata a bayan gidanmu, rijiyarmu ɗaya da su. Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Najiba.

*

New Bell,
13 ga Yuni.

Aminiyata Kulsum,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa wannan ta iso hannunki ke da kanki.

Na sha, Kulsum. Na sha rigakafin.

Jiya da hantsi, Yaya yana kasuwa, na sa baƙar abayata da takalmin salla na fita. Na tari benskin, wato acaba, na ce unguwar Ndogbong, don ban san kowa a can ba, ba kuma wanda ya san ni. Mai mashin ya yi ta kutsawa da ni tsakanin motoci ina karanta duk addu'ar da na sani. A wata mahaɗar hanya na ga teburinsu ƙarƙashin lema, wata dattijuwa tana zaune da akwatin sanyi.

Ta ce mini Madame. Ta tambayi sunana da shekaruna da unguwata, na faɗa da bakina, ta rubuta. Na gaya mata ina shan maganin kwantar da hankali, don in ma akwai matsala in sani. Ta tambayi sunansa, ta ce ba komai, ta buɗe kwalbar ta miƙo mini. Ɗan gishiri-gishiri ne, bai kai cikin cokali ba. Ko minti uku ba a yi ba. Ta ba ni kati ta ce in gaida gida.

Na zauna a bencinsu na daɗe, har ta tambaya ko jiri nake ji. Na ce a'a. Ta yaya zan gaya mata ba na son tashi ne kawai? A New Bell aka binne cibiyata, kowa ya san sunan ubana, amma sai da na je inda ba ni da kowa aka kira ni Madame.

A hanyar dawowa ruwa ya tsare ni a wata rumfa har la'asar. Nan tsoro ya kama ni. Na ce yanzu an baza mutane nemana, Yaya ya bar rumfarsa, Adda tana salati, Delu tana cewa dama ta faɗa. Na shirya ƙarya uku, na zubar, na yanke cewa gaskiya zan faɗa, in fito da katin in ajiye a gabansu, duk abin da zai faru ya faru. Har kalmomin na haddace. In ban ɓoye miki ba, har ɗan ɗoki na ji. Na ce yau dai za a yi faɗa da ni kamar mutum.

Na shigo, yara suna kallo a falo, Adda tana madafi ta ba ni baya. A ƙofar ɗakina na tarar da kwanon abincin rana a rufe, ya huce, tururuwa ta kewaye shi. Na shiga na zauna da katin a hannu ina jiran a kira ni.

Gab da magariba Adda ta zo ɗaukar kwano. Daga bayan labule ta ce yau kam na sha barci.

Na ce mata eh.

Ki rubuto, don Allah. In kuma ba a ba ki alƙalami, ki aiko Hajiya da ko kalma ɗaya ce.

Taki mai kewarki,
Najiba.