Ba Komai Iri Huɗu

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da 'yarsa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe min da jikana, abokin faɗana mai giɓi, ki ce masa ban manta da tabarauna da ya zauna a kai ba, ramuwa na nan tafe. Ni dai alhamdulillahi, sai gwiwa, ita kuwa mun daɗe da sabawa da juna.

Za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Wata huɗu ke nan da rasuwar Innarki, na kira wayarki ya fi sau goma, kullum sai ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. Yayanki ya ce aikin asibiti ne ya sha miki kai. Na ce to. Amma shekarata arba'in da shida ina gyaran rediyo, Auta. Na san akwatin da batirinsa ya ƙare, na kuma san wanda mai shi ya kashe da hannunsa.

Ban rubuto don in yi ƙorafi ba. Hira nake so in yi game da ita, kuma a gidan nan ba wanda zan yi da shi sai bango.

Ban taɓa ba ki labarin haɗuwarmu yadda yake ba. Rediyon mahaifinta ta kawo min shago, a rungume kamar jariri, wai ya daina magana. Ina buɗe bayansa na ga ba abin da ya same shi, batiran ne aka juya kai da gindi. Aikin da bai kai a zauna ba. Sai na ɗaga ido na dube ta, na gyara murya, na ce wannan ciwo babba ne, sai ta dawo jibi. Ta ce, "Ba komai." Jibi na ce sai gata. Ta ce, "Ba komai." Sai da muka shekara tara da aure, kina goye a bayanta, ta ce min ai ita ta juya batiran da hannunta. Ki duba fa. Shekara tara ina tinƙaho a gari cewa ni na yi dabara.

Kekenta na ɗinki yana nan inda kika san shi, gindin taga, na rufa masa tsohon zanen gado. Kin san rabin yaran garin nan a cikin ɗinkinta suka yi makaranta. Ba ta cika ɗaukar tef ba. Ta dubi yaro sau ɗaya, ta sa ya juya, shi ke nan. Kuma kowane wando sai ta naɗe masa yatsu biyu a ƙafa, wai yaro ba ya shawara da kowa kafin ya yi tsawo. In shekara ta zagayo uwar ta dawo a warware. Makon jiya wata mata ta zo daga bayan gari da wandon ɗanta, ba ta ji labari ba, ta tsaya a zaure tana kwaɗa sallama tana kiran Mai Keke. Na fito na gaya mata. Ta zauna a dakali ta yi kuka, ni kuma na ɗauko reza na warware mata yatsu biyun da kaina. Sun isa cif. Matar nan ta mutu amma har yanzu awonta yana daidai.

Gwangwanin madarar da take tara maɓallai a ciki ma yana nan. Kina ƙarama kin taɓa haɗiye ɗaya, ja, ta yi kwana biyu tana gadin fo ɗinki har ya fito. Ta wanke shi da ruwan zafi ta mayar gwangwani. Na tambaye ta rigar wa za ta liƙa wa wannan, ta ce tawa.

Takarda ta kusa cika, kuma abin da na zauna domin in rubuta ban ko taɓo shi ba. Hali na ne, kin sani, sai na zagaya gari kafin in shiga gida. Zan sake rubutowa.

Allah ya jiƙanta, ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Mai Rediyo

*

Autata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, da aiki, da yara. Mako uku ban ga amsa ba, ban kuma yi tsammani ba. Yau dai ba zagaye-zagaye, ko kuma in yi kaɗan.

Kin san kalmar Innarki. Garin nan kaf an san ta da ita. Amma ban sani ba ko kin lura cewa "ba komai" ɗinta ba ɗaya ba ce. Ni da kunne nake cin abinci, tun daga bakin ƙofa nake gane ciwon akwati kafin mai shi ya ajiye, don haka na daɗe da rarrabe su.

Akwai ta yau da kullum, mai sauƙi, wadda take faɗi bakinta cike da allurai. In maƙwabciya ta fasa mata kofi, ko ku kun ɓata mata zare, wannan ce, kuma da gaske ba komai ɗin. Akwai mai jan wutsiya, "ba komaaai", in an ɓata mata rai tana jira a lallashe ta. Wannan tsire... a'a, wannan ko lemo biyu ka shigo da su da fara'a ta warke. Ta ukun gajera ce, a guntule, kuma murfin tukunya ne yake biyo bayanta. In na ji ta sai in tuna ina da aiki a shago, ko da ranar babu ko akwati ɗaya. Yayanki ya fi kowa shan wannan, shekarar da ya sayar da littattafansa ya sayi ƙwallo.

Ta huɗun, sau biyu kawai na taɓa jin ta.

Na farko ba a haife ku ba. Kun san kuna da wa da ya rasu yana wata bakwai, amma ba mu cika zancensa ba. Washegarin da aka kai shi na shiga ɗaki na same ta tana ninke 'yan rigunansa, waɗanda ta naɗe wa yatsu biyu su ma. Na tambaye ta yaya jikin. Ta ce ba komai. Muryar can ƙasa, babu iska a cikinta, kamar tasha mai nisa da ake kamowa da ƙyar. Ranar na zauna kusa da ita har rana ta faɗi, ban buɗe shago ba.

Na biyun ita ce ranar Talatar nan ta makon da ta rasu.

Kwana biyu kafin nan keken bai yi motsi ba. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗakinta, shekara da shekaru ina aiki da ƙarar keken nan a kunnena, amma da ya yi shiru sai na ce a raina hutu take yi. Da la'asar kika kira. Ina kan rediyon Mai Aski, wani tsohon akwati da ya wahalar da ni mako guda, kuma a daidai lokacin na gano 'yar wayar da ta kwance. Ƙarfen dalma ya yi zafi, yana hannuna na dama, wayata a kafaɗa kina magana. Kika ce kin kira Inna ba ta ɗauka ba, kuma jiya kin ji numfashinta wani iri. Kika ce gobe ba ki da aiki, ko ki shigo mota? Na ɗaga murya ta bango na ce, "Auta ce, wai yaya jikin naki, ta zo?" Ta amsa. Ni kuma na ce miki, "Ta ce ba komai, kada ki wahalar da kanki."

Sauran kin sani. Alhamis da hantsi na same ta a ƙasa gefen keken, da wandon wani yaro a hannu. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta kwana biyu tana ba da sanarwa. Ke da kike jinyar masu irin wannan ciwo kullum, da kin zo Laraba, kallo ɗaya za ki yi mata, irin kallon da take yi wa yara, ki san awon abin.

Kwana uku da rasuwar kika same ni a zaure bayan mutane sun ragu, kika yi min tambaya ɗaya tak. Kika ce, "Baba, lokacin da na kira, ka tashi ka je ka duba ta?" Na ce na je. Kika dube ni, kika dubi ƙofar shagon, kika shiga ciki. Tun daga ranar ban sake jin muryarki ba.

Ban je ba, Auta. Ban ko ɗaga daga kujera ba.

Na so in ce miki dalma ce ta hana ni, don in ta huce sai an sake jira. Wata huɗu ina gaya wa kaina haka. Amma ba ita ba ce. Na ji muryar. Ta ratso bango ta same ni, na kuma gane ta, don ba a manta irinta ko bayan shekara arba'in. Sai na ji tsoro, irin tsoron da ban taɓa ji ba, na ce a raina bango ne ya danne sautin, ta farko ce, ta yau da kullum. Na ɗiga dalmar, akwatin Mai Aski ya kama magana, na murɗa shi har ƙarshe. Da yamma na shiga na same ta ta dafa shinkafa, na ce a raina ka gani, lafiyarta ƙalau. Ban tambaye ta ba. Na ci na ƙoshi, har da neman ƙari.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya min, na kuma yarda. Amma ba kwananta na hana ki ba. Laraba ɗaya na hana ki, ke da ita, kuma ba ni da inda zan samo miki wata. Sannan na ɗora miki ƙarya a kai kina cikin makoki.

Ban ce ki yafe ba, don ban san ko ni zan iya ba in ni ne ke. So nake dai ki ji daga bakina, tunda kin riga kin gani a fuskata.

Mai Aski ya zo karɓar akwatinsa, ya ce bai taɓa yin garau irin haka ba. Na ce ya ɗauka ya fita kafin in rotsa shi.

Ki gaida maigidan da yara.

Mahaifinki

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya lau, yara suna gaishe ka.

Na samu takardunka duka biyu, na karanta.

Ba komai.

Kana shan maganin gwiwar kuwa? Gwangwanin maɓallan, kada a ba kowa.

'Yarka,
Auta

*

Autata,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gidan. Takardarki ta iso ranar Litinin, na gode, Allah ya yi albarka. Maganin gwiwa ina sha in na tuna, wato ba na sha.

Na karanta ta ban san adadi ba. Layi bakwai ne, amma biyu daga cikin kalmomin sun hana ni sakat. Ke 'yar Innarki ce, har a nan. Na karanta da tabarau, na karanta babu tabarau. Kada ki yi dariya, har a kunne na kara ta, kamar yadda nake yi wa akwati. Na kai wa yayanki ya karanta min da ƙarfi, ya karanta kamar mai sanarwar cigiya, ya ce, "Baba, ai shi ke nan, ta huce." Na kai wa Mai Aski, shi kuma da muryarsa ta jaki ya mayar da ita ta uku, saura murfin tukunya. Ya ce in saurara tukuna, in bar ki ki sha iska.

Kowa da tasa. Takarda ba ta da murya, Auta, ita ma bango ce. Kuma na ga abin da raina yake so ya yi: so yake ya zaɓi mai sauƙin, ya ce ta farko ce, ya koma kan kujera ya ci gaba da aiki. Na san wannan hanyar, na bi ta sau ɗaya.

Don haka na zare ƙarfen dalma daga wuta, na naɗe igiyarsa. Akwatuna uku ne a kan tebur, na gaya wa masu su su yi haƙuri, duniya ba za ta tashi ba don sun rasa labaran mako guda. Na sa kwaɗo a shago. Ranar Asabar zan shigo motar farko, in Allah ya kai mu, wataƙila in riga takardar nan isowa. Gwangwanin yana cikin jakata, na duba, jan maɓallin yana ciki.

Ba sai kin yi girki ba, ba sai kin taro ni a tasha ba. Ki dai tsaya a gabana ki sake faɗin kalmar nan da bakinki. In mai jan wutsiya ce, na sayi lemo. In ta uku ce, ki tanadi murfin tukunya, ba zan tuna da wani aiki a shago ba. In kuwa ta huɗu ce, zan nemi wuri kusa da ke in zauna, kuma ba zan tashi ba sai kin ce in tashi.

Ki gaya wa mai giɓi ya ɓoye, abokin faɗansa na hanya.

Mahaifinki,
Mai Rediyo