Luguden Matar Mutane Da Na Sa A Wasan Waya

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni kafin a gama karantawa, zuciyata ta riga ku.

Ina tura waƙoƙi a waya a Kaura Namoda. Akwai wani wasa da ake danna maɓalli daidai da bugun kiɗa, in ka kuskure ka faɗi. Na koyi juya sauti zuwa irin wanda wasan yake karɓa, in jera wuraren dannawa da kaina. Tunda Shari'a ta zo ina gudun kiɗan banza, sai na riƙa neman abin da babu ganga a ciki.

Wata rana wani dillalin shanu daga Moriki ya kawo tsohon kaset, ya ce in mayar masa cikin memori. Muryar ƙanwarsa ce a ciki, tana waƙar daka tun tana budurwa. Ya ce, "Amana ce, malam. Matar aure ce yanzu." Na ce kada ya ji komai. Amma da na ji luguden, taɓarya uku suna sauka babu kuskure, sai na yanko minti biyu na sa a wasan. Ban cire muryarta ba. Me ya hana ni cirewa? Mutum ɗaya na tura wa, wallahi mutum ɗaya! Yanzu har 'yan kabu-kabun Shinkafi suna dannawa suna bin waƙar.

Mijinta ya ji a tashar Zurmi, ya gane muryar. Ta ce ba ta san komai ba, ya ce ta tafi gidansu sai an gano wanda ta yi wa waƙa. Da goyo ta tafi.

Yayanta ya zo shagona ya ce, "Kai ka hidda waƙar?" Na ce ba ni ba ne, wataƙila wani mai gyaran waya ne. Ya dube ni ya ce, "To, Juma'a ka yi alwala, mu je gaban 'yan Hisba ka dafa Alƙur'ani. In ka dafa, na bar ka."

Yau Laraba. Ba na iya cin abinci, ko a salla luguden nake ji. In na dafa, ina zan sa kaina ranar lahira? In na faɗi gaskiya, bulala ce ko kotu? In kuma na gudu, wa zai mayar da baiwar Allah ɗakinta?

Jama'a, kwana biyu ya rage. Me zan yi?