Turakun Siminti a Saurar Mahaifina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin shata filayen noma da na kiwo a yankinmu na Damargu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da ban gajiyar aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Sunana Ilu, manomin hatsi ne ni a wani ƙauye cikin kwarin Tarka. Na yi ta zarya zuwa biro ɗinka, wato ofishinka, har mai gadi ya san tarina, kullum sai a ce kana taro ko ka tafi Damagaram. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na fito da maganata fili.

Na ɗaya, ga abin da ya faru. Ina da gona gabas da gari wadda na gada wurin mahaifina. Da na ga ta gaji, zangarniya ta koma kamar yatsa, sai na bar ta saura, wato na hutar da ita 'yan shekaru kamar yadda kowane manomi a nan yake yi. Na kuma roƙi Buba, wani Bafillace da mahaifinsa ya yi amana da nawa, ya riƙa saukar da shanunsa a kanta da rani don ta sha taki. Ni nake kai masa hatsi, shi yake aiko mana da nono. A bazarar bara ma'aikatanka suka zo da mota da na'urar awo. Suka ga ciyawa, suka ga sabara ta tsiro, suka ga shanu kwance da rugar Buba a tsakiya. Shi ke nan, suka yanke cewa wurin kiwo ne. Bayan Sallar Layya aka zo aka kafa turakun siminti masu jan fenti, aka zagaye gonar tawa kaf. Ni kuwa ranar awon ina kasuwar Tanut, babu wanda ya aiko a kira ni.

Na biyu, ba a rasa mai faɗa musu gaskiya ba. Buba da bakinsa ya gaya musu shi baƙo ne a wurin, gonar da mai ita. Sai aka ce masa ai alheri ake yi masa. Shingen itacen dashi da mahaifina ya dasa yana nan a iyaka, makaho ma zai laluba ya ji shi. Mai gari yana raye, maƙwabtan gonata suna raye. Amma an zo da rani, an duba da ido, an tafi. Wa ke auna gona da rani ya ce ya san ta?

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Wannan hukunci na san shi tun ina yaro, a bakin kakana. Ya ce zamanin Nasara, Faransawa sun zo da doka cewa duk ƙasar da ba a ga mai aiki a kanta ba, ba ta da ubangida, ta hukuma ce. Su a ƙasarsu watakila gona ba ta gajiya, ban sani ba, ban taɓa zuwa ba. Mu a nan tudu ne da rairayi, in ba ka hutar da ƙasa ba ita za ta hutar da kai. Kakana ya ce tsoron dokar nan ya sa wasu suka riƙa yaƙushin gonakinsu kowace damina, ko ba za su sami komai ba, don dai a ga alamar hauya, har ƙasar ta zama fako. Nasara ya tafi, mun ɗaga tutarmu, a lakwal, makarantar boko, an koya mini waƙar ƙasa na rera ta har muryata ta dushe. Yau kuma kullum rediyo na gaya mana ƙasa ta dawo hannun 'ya'yanta, ni ma ina jin daɗin hakan, wallahi ina ji. Amma in ɗan ƙasa ya zo da idon Nasara ya dubi saurata ya ce ba ta da mai ita, to ni wace ƙasa ce ta dawo hannuna? Ma'aikatan nan 'ya'yan manoma ne, na ji Hausarsu, na tabbata iyayensu suna da saura a garuruwansu.

Kada a ce ina ƙin wurin kiwo. Dabba ma baiwar Allah ce, kuma na san manoma da yawa sun cinye burtali sun toshe hanyar rijiya, wannan zalunci ne, a gyara shi. Amma ba a gyara shi da gonar wanda ya buɗe wa makiyayi ƙofa.

Na huɗu, ka dubi abin da turakun nan suka haifar. Bana a ƙauyenmu babu wanda ya yarda saniya ta kwana a gonarsa. Kowa cewa yake, ku dubi Ilu, kirkinsa ya ja masa. Waɗanda suka yi niyyar barin saura sun fasa. Ƙanena da kansa ya kori garken Buba daga bakin gonarsa da sanda, mutumin da suka yi wasan ƙasa tare. Buba kuwa kunya ta hana shi shiga gidana, a kasuwa in ya hango ni sai ya sake layi, alhali bai ci mini komai ba. An ce an zo raba rigima tsakanin manomi da makiyayi, ga shi an shuka ta inda babu ita.

Ranka ya daɗe, ba ni da natsuwa. Gizagizai sun fara haɗuwa a gabas, mutane sun fara binne, suna zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwan fari. Ɗayar gonar da ta rage mini ƙarama ce, abin da take bayarwa ba ya kai mu rani. Bana ce shekarar da na yi niyyar komawa saurar nan, ta huta, ta sha taki, ta yi baƙi. Ina zaune sai in tashi, in je in tsaya bakin turakun in dawo, matata har ta daina tambayata ina za ni. Damina ba ta jiran taro.

Saboda haka ina roƙon ka abu uku. Ka turo a sake duba wurin a gaban mai gari da maƙwabtana da Buba, kafin ruwa ya zauna. A tumɓuke turakun a mayar da su inda burtali na gaskiya yake, za mu nuna shi. Sannan daga yau duk inda ma'aikatanka suka ga shanu a fili, su tambayi wa ya gayyato su kafin su sauke siminti.

In kuwa ba a zo ba, ba zan ɓoye maka ba, don ni ba ɓarawo ba ne. Ranar da ruwa ya sauka zan ɗauki sungumina da irina in shiga gonar ubana da rana tsaka. An ce wanda ya tsallake turaku jandarma za su ɗauke shi. To kada su ɓata mai suna nemana a gari, ina can cikin gona, sai dai su ƙyale ni in kai ƙarshen layin da na fara.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da haƙƙin talaka, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam, daga mai jiran ka da jiran ruwa,
Ilu, manomi a kwarin Tarka.