Tocilar da Muka Aika wa Baba

Maamobi, Accra

Zuwa ga Yaya Maman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa Baba sauƙin ƙafar nan. Mu nan muna lafiya, sai dai shekaranjiya mun ga tashin hankali. Na kira wayarka har na gaji, ba ta shiga, shi ya sa na ba Issaka direba takardar nan.

Ka san ɗanka Izzuddeen da ƙwaƙule-ƙwaƙule. Sai ya sayo tocila a kasuwar Makola, ya farke cikinta, ya sa mata wani ƙwai da wayoyi da batiran da yake cirowa daga matattun kwamfutoci, ta koma haske kamar na mota. Ko ni da nake masa tsiya, nakan yi taƙama da ita idan an ɗauke wuta. To, ya haɗa wa surukata Hajiya Memuna guda. Da haskenta ya rage, ba ta nemi caji ba, sai ta yi abin da muka taso muna yi: ta zazzage batiran ta shanya su a kan rufin kwano, wai rana ta ƙara musu ƙarfi. Yaya, bayan azahar muka ji ƙara! Wuta ta yi tsiri, ɗaya ya faɗo tsakar gida yana feshi, dab da inda 'yata Salwa take rarrafe. Hajiya ta kai hannu ta make shi. Yarinya ta tsira, amma tafin hannun Hajiya ya saɓule, yanzu a baki ake ba ta abinci.

Izzuddeen ya yi kuka, ya ce waɗannan batiran ba irin na rediyo ba ne, ba sa son zafi, kuma ba a cizon su. Yana faɗin haka sai na tuna irinta muka aika wa Baba da Sallah. Ni da kai mun san Baba: batir bai taɓa mutuwa a hannunsa ba sai ya sha rana a kan rumbu, in ya ƙi ya sa masa haƙori. Ga ranar garinmu, ga rufin ciyawa, ga shi ba ya iya gudu.

Don Allah, kafin ka cire takalmi, je ka karɓe ta. In ya yi gardama, ka ce ni na ce, ya yi fushi da ni. Rigakafi ya fi magani. Ka ba Issaka ita ya dawo mana da abarmu.

Ka gaishe da Inna Tani da Zalia da yara. Ba zan samu natsuwa ba sai na ga tocilar nan a hannuna.

Taka ƙanwa,
Zuhura