Ba Littafi Ne Ya Kayar da Ni Ba

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna da yara duka. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da aka ce yana hana ka tsugunawa a wurin aiki. Mu nan lafiya lau. Kaka tana nan da faɗanta, Auta ta fara tafiya har ta gano inda Mama take ɓoye sukari, Baba kuma kullum yana gareji, sai magariba muke ganinsa.

Na san za ka yi mamaki, wai Malama Shiru, kamar yadda kake kirana, ita ce yau da doguwar wasiƙa. In aka miƙo mini waya muryata maƙalewa take yi. Ranar da ka kira ka ce kada a kai ni sakandare saboda farfaɗiyata, ina bayan labule ina jin komai. Baba yana ta cewa to, to, don kai ka raine shi, kai ka koya masa riƙon sifana, bai taɓa yi maka musu ba. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Shi ya sa na ɗauki biro.

An gaya maka na faɗi a bakin famfo da littafi a hannuna, kuma haka ne. Abin da ba a gaya maka ba shi ne an daina ba ni magani kafin nan. Na daɗe ban faɗi ba, sai kowa ya ce ai na warke. Mama kuma tana tausayin yadda maganin yake sa ni gyangyaɗi da rana, sai ta ɗauke shi ta jefa cikin kwaba. Ba da mugunta ta yi ba, kada ka yi mata faɗa. Ba a jima ba ciwon ya dawo. Kaka ta ce karatu ne yake dafa mini ƙwaƙwalwa, ta sa aka kwashe littattafaina aka ɗora kan wadurob, har da na Auta mai hoton agwagwa.

Da muka koma asibiti Baba ne ya kai ni, da kayan aikinsa, yana ɓoye hannu a aljihu saboda baƙin mai. Likitar mace ce, ƙarama, mai saurin magana. Da ta ji aikinsa sai ta yi murmushi ta ce to shi zai riga kowa ganewa. Ta zana mana a bayan takarda. Ta ce ƙwaƙwalwa cike take da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu aika wa juna saƙo ta wani ɗan gurbi da ido ba ya gani. Wasu saƙonsu shi ne a tafi, da wani sinadari da ta kira gulutamet, wannan shi ne totur. Wasu kuma saƙonsu a tsaya, su ne birki. In totur ya fi ƙarfin birki lokaci guda, shi ne mutum yake faɗuwa, magani kuma yana daidaita su ne, shi ya sa yanke shi farat ɗaya yake da haɗari. Baba ya tambaye ta ko karatu yana cinye birkin. Ta ce a'a, abin da za mu ji tsoro shi ne tsallake magani da rashin isasshen barci.

Ni kuwa, Baffa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na tambaye ta yaya birkin yake sanin totur ya yi yawa. Baba ya waigo ya kalle ni kamar kujera ce ta yi magana. Likita ta ajiye biro ta ce tambayar nan akwai manyan masana da suke zaune a kanta har yau. Ta ce a wasu sassan ƙwaƙwalwar dabbobi an ga cewa ƙwayar da ake aiko wa saƙo ba karɓa kawai take yi ba. In saƙon a tafi ya yi mata yawa, takan saki wata irin iskar gas 'yar kaɗan, ta koma baya wurin masu birki, su ƙara takawa. Ta ce ba a gama gane abin ba tukuna. Tun a kan babur nake juya maganar nan a raina. Ashe ko a cikin kaina, wanda ake aika wa saƙo yana mayar da amsa.

Na san abin da kake tsoro. Mama ta ba ni labarin Gwaggo, ƙanwarku, da ciwon ya kama a bakin rafi tana wanki, kuma kai ne ka tsamo ta. Ban san ta ba, amma an ce ina da goshinta. Allah ya jiƙanta. Sai dai ita ba ta taɓa shan magani ko sau ɗaya ba, kuma ba a makaranta ta faɗi ba, a aikin gida ne. In an ajiye ni a gida, nan ma akwai murhu, akwai baho cike da ruwa, akwai dakalin famfo da ya fasa mini haɓa. Ɗaki ba zai warkar da ni ba, zai dai ɓoye ni ne.

Don haka ga abin da na yi, gara ka ji daga gare ni. Na taka kujera na sauko da littattafaina, Kaka tana kallona, ta ce wannan yarinya shirunta na mugunta ne. Maganina yanzu yana hannuna, ina sha safe da yamma gaban Mama. Na je wurin 'yar mai shagon kusa da mu, wadda aka sa mu aji ɗaya, na koya mata abin da likita ta ce: in na faɗi ta kwantar da ni ta gefe, ta janye abin da zai buge ni, kada ta bari a cusa mini cokali a baki, kuma miyauna ba ya sa wa kowa ciwo. Har gwadawa muka yi a ƙasan shagon, uwarta ta fito da gudu tana salati. Tare za mu riƙa tsallaka titi.

Ranar Litinin ake komawa makaranta, kuma zan tafi. Ba raina ka na yi ba, wallahi. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma jiya na ga ya ɗauki jakata ya kai gareji, ya dawo da ita an ɗinke hannun da zaren kujerar babur, ya rataye ta a ƙusa bai kalli kowa ba. Yana tsakanina da kai, kuma abin yana cinsa. Ka kira shi ka sauke masa nauyin nan. In faɗa ne, ka ce a ba ni wayar. Wannan karon zan amsa.

Ka gaishe mini da Inna, da Yaya Dogo, da 'yan biyu, ka ce musu Auta ta gaji haƙoransu na cizo. Kaka tana gaishe ka, ko da yake ba ta san na rubuto ba.

'Yarka,
Malama Shiru