Habu Ya Ɓata wa Baba Kokawarsa

Assalamu alaikum Yaya Sale. Ina gajiya, ya Kano, ya Anti Rabi da yara? Ya ƙafar taka? Mu nan unguwar Mansur, a ƙasa mai tsarki, lafiya lau.

Ka tuna yadda muke zama a shagon Baba bayan la'asar, da shayi da burodin tamis, muna kallon kokawar Turawa, kai da shi kuna ihu har maƙwabta su leƙo? Tun da ka tafi, ita kaɗai ke sa shi dariya.

To Habu mijin Zainab ɗinmu ya ɓata komai. Ya shigo ranar Juma'a muna cikin kallo, ya ce wa Baba, “Ya Ammi, duk shiri ne fa! Tun a ɗaki, kafin a fito fili, ake zaɓar mai nasara.” Wallahi saura kaɗan in watsa masa shayi. Wa ya tambaye shi?

Baba ya juyo ya ce, “Kai mai karance-karance, haka ne?” Na kasa yi masa ƙarya. Na ce haka ne, suna raɗa wa juna kamun da za a yi, alƙalin wasan ma saƙo yake kai musu. Amma faɗuwar gaskiya ce, baya na karyewa. Ya ce, “Khalas, shi ke nan,” ya kashe talabijin. Har yau bai kunna ba.

Don Allah ka kira shi Juma'ar nan, ka tambaye shi wa ya ci. Don kai zai kunna.

A sa mu a addu'a. Gaida Kawu da kowa.

Ƙaninka, Bashir